Dattijon da Ke Jiran Kiri-kiri

Kullum da safe ina jiran tram, jirgin ƙasan cikin gari, a Villeurbanne ta ƙasar Faransa, kullum kuma ina ganinsa durƙushe a filin gaban wani ginin ofis. Dattijo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, rigar aikin ta yi masa yawa. Ciyawar da aka shimfiɗa a filin ƙarshen zafin bara ta fito daga sanyi da launin tsohuwar tabarma.

Yau yana tsefe busasshen samanta da manjagara a hankali. Ya soka yatsa ya gwada danshin ƙasa, sannan ya ja gefen shimfiɗa ɗaya. Ta ƙi tashi, saiwa ta kama. Ya yi murmushi shi kaɗai.

Wayarsa ta yi ƙara, sai na ji Hausar Damagaram a bakinsa. "Lafiya lau, Halimatou. Shef, shugaban aikinmu, ya ce a kwashe ciyawar ran Litinin. Wai ta mutu, wai ni na shimfiɗa ta a makare."

Na kasa yin shiru. Da ya ajiye wayar na yi sallama, na ce, "Baba, tana da rai kuwa?"

"Ciyawar kiri-kiri ce fa, ɗana. A gida rani ke kwantar da ita, a nan sanyi. Zafi kawai take jira." Ya kankare wani kara da farce, ya nuna mini kore shar a ciki.

Ina zaton ya daɗe yana noma kafin ya zo Faransa, amma ban tambaya ba. Tram ya iso. Na bar shi yana naɗe karan cikin hankici, zai kai wa shef ya gani da idonsa.