Kunya Huɗu a Shafi na Uku

Idan ana maganar tsara shafin jarida, ban san wanda ya kamo ƙafata ba a duk arewacin Kano, har da mutanen birni masu manyan injuna. Tun ina aji huɗu na sakandare nakan ɗauki labarin da zai cika buhu in ɗura shi a wurin da bai kai tafin hannu ba, har in samu sararin yi masa ado. Na sha gaya wa 'ya'yana cewa da ni aka ba rabon gonakin garinmu, da kowa ya samu, har a rage filin ƙwallo. Su yi dariya, ni ma in yi. Akwai dai fitowa ɗaya da ba na ba su labarinta, ita ce kuma zan rubuta yau.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, a tsakiyar gonaki, nesa kaɗan da hanyar Gezawa. A wajenmu ƙasa ba ta zama banza. Gero yana zuwa har gindin tagar aji, kuma idan mutum ya matsar da gambar iyaka da taƙi ɗaya, sai an kai ga mai unguwa. Shi ya sa malamin Hausa, wanda jaridar makarantarmu take hannunsa, bai taɓa ce wa shafi shafi ba. Gona yake cewa. Layin rubutu kuma kunya, irin wadda ake tayarwa da garma. Sai ka ji ya ce, “Kai sarkin surutu, labarin nan kunya nawa zai ci?”

Shekarun nan ne da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, damina kuma ta yi ta yi mana rowa. Mutanen da ba su taɓa cin garin rogo ba suka koya. Jaridarmu da take fitowa da falle huɗu ta rame ta koma falle ɗaya, a ninka shi biyu ya ba da shafi huɗu. Takardar ma irin mai ruwan ƙasa ce, siririya, in ka ɗaga ta a rana kana hango wanda yake tahowa.

Mu biyu ne muke aikin. Ni ne mai rula da fensir, ni nake yanka gonar in ce wannan nan, wancan can, sannan malam ya buga da tafireta a sitensil, wato takardar da ake ɗaura wa inji. Abokina kuma, ɗan ajinmu, shi ne mai juya injin gurzawa, shi ne kuma mai ƙugiya. Tafiretar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka sai ya bi sitensil ɗin harafi bayan harafi da busasshen biro yana lanƙwasa musu kai. Yaro ne marar magana. Ni in yi ta zuba, shi yana sunkuye, sai can ya ce, “Matsa, ka tare min haske.”

Shafin baya nawa ne. Nan nake zana jakina, wani ramammen jaki da na ƙirƙiro, wanda yunwa take sa shi ɓarna a kowace fitowa. Ya taɓa cinye jadawalin jarrabawa, ya taɓa cinye hular masinja. 'Yan makaranta ta baya suke fara karanta jaridar saboda shi, ni kuwa kaina ya yi girman da ƙofar aji take yi mini kaɗan.

Da bazara sanƙarau ya shigo. Ranar Alhamis muka rabu da abokina a bakin burtali, yana cewa kansa na sarawa. Ranar Asabar aka binne shi.

Bayan sadakar uku mahaifinsa ya zo makaranta karɓar littattafansa. Dattijo ne dogo, manomi, ya yi karatun allo mai zurfi amma bai san boko ba. Ya tsaya a ƙofar ofis riƙe da littattafan da aka ɗaure da igiya, ya ce wa malam, “Malam, yakan ce min akwai wani inji da yake juyawa, magana ta fito a takarda. In da hali, a sa shi a ciki. A faɗi abin da kuka sani game da shi. Uwarsa tana so ta ajiye.” Abin da ya roƙa ke nan, bai ƙara komai ba. Malam ya ce in sha Allahu za a yi.

Malam ya zauna ya rubuta kunya goma sha biyu. Har yau ina iya kawo wasu. Ya ce yaron shi ne yake karanta wa mutanen ƙauyensu wasiƙa ba ya karɓar ko goro. Ya ce kullum sai ya kai taki gona mangala biyu kafin ya taho, kuma bai taɓa makara ba. Ya ce duk ƙugiyar da aka gani a jaridar nan hannunsa ce.

Sai malamin addini ya kawo magana, kuma gaskiyarsa. Ya ce kowa ya san inda jaridarmu take ƙarewa: a kasuwa, an ƙunshe ƙosai da ƙuli-ƙuli, daga nan sai ƙasa. Ta'aziyya kuwa ba ta yiwuwa ba sunan Allah, sunan Allah kuma ba a barin sa a ƙasa. Nan fa gwaninku ya miƙe. Na ce a sa ta a cikin akwati a kusurwar sama, a kewaye da ɗige-ɗige, a rubuta a yanke a adana kafin a ba da takardar. Malamin addini ya ce madalla. Malamin Hausa ya dafa kaina. Na fito ina jin kamar ni na gina makarantar.

Da na zauna da rula sai gonar ta ƙi. Shafin farko na jawabin firinsifal ne, ba a taɓawa. Na biyu da rabin na uku sanarwar jarrabawa ce da sunayen waɗanda za su zauna. Abin da ya rage a saman shafi na uku kunya huɗu ne. Kunya goma sha biyu ba su da wurin zama sai shafin baya, shafin baya kuma akwai jaki.

Ba zan ce ban gani ba. Na gani sarai. Jakin wannan karon na riga na zana shi tun abokina yana da rai, ya cinye allon aji ya ƙoshi da lissafi, kuma shi ne mafi kyau da na taɓa yi. Na ce wa kaina 'yan makaranta suna cikin baƙin ciki, suna bukatar dariya. Na ce wa kaina shi ma marigayin ya ga zanen ya yi murmushi. Na ce gajeruwar ta'aziyya ta fi nauyi. Dalilai dai suka yi ta zuwa kamar an yi musu shela. Na ɗauki fensir na soke wasiƙu, na soke taki, na soke ƙugiya. Na bar sunansa, da ajinsa, da ranar rasuwa, da addu'a.

Malam ya duba ya ce, “Ina sauran?”

Na ce, “Malam, gona ta cika.”

Ya juya shafin baya ya daɗe yana kallo. Yana da aji yana jiran sa, kuma ya saba yarda da ni a kan awo. Ya ce, “Ka tabbata?” Na ce na auna sau uku. Ya buga.

Ni na sa ƙugiyoyin a ranar. Da na zo kan Allah ya jiƙansa sai na tuna yadda abokina yake cewa in aka manta ƙugiyar nan, an mayar da addu'a jika. Na danna biron da ƙarfi, ƙugiyar ta fito ƙatuwa kamar lauje. Ni na juya injin kuma. Ban san yana da nauyi haka ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi ƙauyensu, malam a kan kekensa ni a baya. Mun tarar da dattijon a zaure shi da ƙaninsa, a kan tabarma. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka kawo ruwa. Malam ya zaro jaridar da ya zaɓo mai tsabta, ya miƙa masa da hannu biyu.

Abin da ban taɓa sakawa a awona ba shi ne wannan: mutumin da ya tashi da allo ta dama yake buɗe takarda. Ya yi bisimilla ya juya ta, bayanmu ya zama gabansa. Abin da ya fara gani shi ne jakina, shafi guda cur, haƙora waje, da guntun allo a baki.

Ya daɗe yana kallo. Ƙaninsa ya leƙo ya ce, “Yaya, wannan ai jaki ne.”

Ya ce, “Na gani.”

Malam ya yi gyaran murya ya ce, “Baba, a buɗe ciki, yana nan sama.” Ya nuna masa akwatin, ya karanta masa. Karatun bai kai tsawon shan ruwa ba. Dattijon yana sunkuye yana jiran ci gaba, har ya gane an gama.

Ya ce, “Amin. Shi ke nan?”

Malam ya gyaɗa kai. Ni kuwa tabarma nake ƙirga wa zare.

Malam ya yi masa bayanin ɗige-ɗigen, cewa don a yanke a ajiye ne saboda sunan Allah. Dattijon ya ce wannan tunani ne mai kyau, wa ya yi shi? Malam ya nuna ni, ya ce abokin marigayin ne, shi ne mai raba gonar. Aka kawo reza, ya bi ɗige-ɗigen a hankali ya yanke. Ya ɗaga 'yar takardar wajen hasken ƙofa. Tawada ta ratsa, kunnuwan jakin suna nan tsaye a bayan addu'ar.

Bai ɓata rai ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce zai kai wa uwarsa. Sannan ya shimfiɗa ragowar jaridar a kan tabarma, ya auna jakin da taƙinsa kamar mai duba iyaka, ya auna ramin da ya yanke da yatsu uku. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma jakin nan ɗan wane gida ne? Na ga shi an ba shi gona guda, nawa kuma kunya huɗu.”