Tashar Ɗaya, Eriya Biyu

Yayyena maza biyu kowanne ya buɗe wa gidan talabijin ɗinmu na Gusau shafi a kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Babban yana zaune a Bungudu, ya rubuta cewa hoton tashar garau yake fita. Ƙaramin yana Tsafe, bayan duwatsu, ya rubuta cewa mai karanta labarai kullum kamar cikin yayyafi take zaune.

Da masu kula da kundin suka ce a haɗe shafukan, sai gardamar ta biyo su gidan Inna ranar Sallah. Kowa ya rantse nasa ne gaskiya, miya har ta huce.

Inna ta dube ni. "Ke da kike zaune a Gusau, gindin tashar, raba mana su mu ci abinci."

Nan take na haɗe shafukan a wayata, na rubuta cewa kyan hoton ya danganta da tsawon gorar eriyar mai kallo.

Tunda nake ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar. Tare suka ce ba ni da kunya, kuma tare suka hana ni barka da Sallah.