Alzuma da Sawun Arzika

Shekara talatin ke nan cif da muka kai Alzuma makwancinsa a Filinge, kuma har yau in na ji ƙarar tsohon mashin ɗin buga takarda sai na waiwaya. Taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana, don haka tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Masu karatu na yanzu ba su san shi ba, ban kuma ga laifinsu ba. Shi ne mutumin da ya shekara da shekaru yana rubuta labaran ɓarayi da masu kisan kai da Hausa, a lokacin da kowa ya ɗauka rubutu na Faransanci ne kawai.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya gama lakkol, wato makarantar boko, aka ɗauke shi tafinta a gaban alƙali. Ni kuwa na faɗa aikin allurar shanu, ina yawo ƙauyukan Kurfai. Ban taɓa ganin mutum mai cika wa kansa aiki kamarsa ba. Da safe yana kotu yana juya maganar manoma zuwa Faransanci. Da la'asar yana koya wa dattawa karatun yaƙi da jahilci. Da damina yana gona kamar kowa. Rubutun kuwa a tsakanin waɗannan yake yinsa, a kan gwiwa, cikin kaye, littafin rubutun 'yan makaranta: a bayan babbar mota kan hanyar Bonkuku, a bakin masallaci kafin a ta da salla, har a wajen suna na gan shi yana rubutu da hannun dama, na hagu na riƙe da ƙwaryar fura. Matarsa Hajo takan ce ta auri mutum ɗaya da ɓarayi ɗari.

Yana da wata hanya tasa. Ba ya buga labari a mashin sai ya gwada shi a kasuwar Lahadi. Zai zauna a rumfar masu igiya ya karanta rabi, daidai inda aka ga ɓarna, sai ya rufe kaye ya ce, "To, wa yay yi?" Mutane su yi ta gardama mako guda. In suka gano ɓarawon, ya koma ya sake ƙulla labarin; in suka kasa, ya karanta ƙarshen Lahadi mai zuwa yana murmushi kamar wanda ya ci gasar kokawa. Mutanenmu kuwa ba kanwar lasa ba ne. Makiyayi da mafarauci sun fi jandarma sanin ƙasa, in ka yi musu ƙarya a kan sawu, a nan take za su ƙaryata ka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan, da magana ke fita daga wayar mutum ɗaya a Damana ta isa Yamai kafin a sauke tukunya. Ina jin zai so abin, don mutum ne mai son masu sauraro. Amma na san zai ji tsoronsa, domin ya taɓa ganin abin da labari ke yi wa mutum tun yana tafiya da ƙafa.

A shekarun babban fari ne, lokacin da shanun da nake yi wa allura suka riƙa faɗuwa a bakin rijiyoyi. Aikin Alzuma ya ƙaru, don an haɗa masa da yin tafinta wajen rabon jar dawa ta taimako, amma bai bar rumfar Lahadi ba. Ya ce mai jin yunwa ma yana son abin da zai ɗauke masa hankali. Wata Lahadi ya karanta labarin wata gwauruwa da ta tashi da safe ta ga an ture hular rumbunta, ga sawun namiji ya zo ya koma, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Nan ya rufe kaye.

Kwana uku bayan haka aiki ya kai ni wani ƙauye a tsakiyar Kurfai, na tarar da gari ya ɗauki zafi. Akwai wani manomi a can, Arzika, mai tufka igiya, wanda ke bin addinin kakanninsa, gidansa a gefen gari. Tun yana yaro yake jan ƙafar hagu. An kuma rasa damin hatsi a garin kwanan baya. Mutane suka haɗa biyu da biyu: Alzuma yana zama a gaban alƙali, ya san asirin kowa, ashe Arzika yake nufi. Mata suka daina amsa gaisuwarsa a rijiya. Maigari ya ce in aka sake rasa ko zangarniya ɗaya, Arzika ya kwashe iyalinsa ya bar garin. A shekarar nan, korar mutum daga garinsu da 'ya'ya biyar kusan hukuncin kisa ne.

Na dawo Filinge na same shi yana cin tuwo a tsaye. Na ce, "Bawana, ka kashe mutum da biro." Da na gama ba shi labari ya ajiye kwanon. Bai taɓa nufin Arzika ba. Ya dai saba ganinsa yana shigowa rumfar masu igiya, tafiyar ta zauna masa a ido, da ya buƙaci alamar ɓarawo sai hannunsa ya ɗauko ta. A ƙarshen da ya riga ya rubuta kuwa, mai jan ƙafar ne ɓarawon.

Na ce ya je ya gaya musu ƙirƙira ce. Ya girgiza kai, ya ce magana zarar bunu ce, in ya musanta za su ce alƙali ne ya tsawata masa. Gaskiyarsa. Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta, tasa kurar kuma da labari ya ɗaure ta. Ya yaga ƙarshen, ya zauna neman wani, kuma dole ya zama wanda mafarauta ba za su ƙaryata ba. Kwana biyu ban ga ya rubuta ko harafi ba, abin da ban taɓa gani ba. Ran Asabar da hantsi Hajo ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ya tashi ya bi hanyar da ta biyo yana duban rairayi, ya dawo yana dariya shi kaɗai.

Ran Lahadi rumfar ta cika har waje. Na ɗauko Arzika da kaina, ya zauna can baya ba wanda ya matsa ya ba shi wuri. Alzuma ya buɗe kaye. A labarin aka kira tsohon mai bin sawu, ya tsuguna ya duba, ya ce sawun da ya nufi rumbun ya nutse cikin ƙasa, wanda ya komo kuwa sama-sama yake. Ɓarawo yakan zo da sauƙi ya koma da nauyi. Wannan da kaya ya zo, hannu biyu ya koma. Aka leƙa rumbun gwauruwar, wanda ta san babu komai a ciki sai ƙaiƙayi, aka ga dami. Wani tsohon mafarauci a gaba ya gyaɗa kai ya ce, "Hakanan na." Shi ke nan, magana ta ƙare.

Ni na zaci Arzika zai zo godiya. Mako na zagayowa ya shigo gidan Alzuma ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, mi niy yi maka? Can ka maishe ni ɓarawo, yanzu ka maishe ni mai kyauta. Tsohuwa Tabizo ta tare ni tana kuka tana sa mini albarka, wai ita ta gwabruwar. Cikin hwarin ga, ina nika samun hatsi?" Alzuma ya ce ya yi haƙuri, ya karɓi albarkar ya yi shiru. Arzika ya ce, "Ni ba ni cin godiyar abin da ban yi ba. Ta hi sata nauyi." Ya koma gida ya ɗebi tiya biyu daga ɗan abin da ya rage masa, ya kai wa tsohuwar da rana tsaka. Ya ci gaba da kai mata har ruwa ya sauka.

Daga nan Alzuma bai sake ara wa ɓarawo tafiya ko tabo ko muryar wani mai rai ba. Ya ci gaba da rubutu har gashinsa ya yi fari, wasu labaran aka buga a takardun yaƙi da jahilci, wasu aka karanta a rediyo. Ya mutu yana da labari rabi a kaye, har yau ba mu san wa ya yi ba. Ba na yi masa kuka. Ya yi aikin da yake so, ya ƙoshi da shi, mutane nawa ke samun haka?

Kayen nasa kuwa gara ta cinye mafi yawansu a cikin adakar Hajo, mashin ɗin ya yi tsatsa. Na daɗe ina ganin kamar komai ya tafi. Bara na je ta'aziyya ƙauyen su Arzika, na tarar ana cacar baki a kan akuyar da ta ɓace, samari sun riga sun ambaci sunan wani. Sai wata dattijuwa, wadda ba ta taɓa jin sunan Alzuma ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Ku dakata. A dubi zurhin sawu tukuna." Suka tashi suka tafi dubawa.