Geron da Ya Tsiro a Cikin Habu

'Yata ta dawo daga lakwal jiya, wai malaminsu ya ce kowa ya nemo tatsuniyar yaran talakawa a bakin manya, a yi nazarinta a aji. Na ce ta je maƙwabta. Ina da guda ɗaya, amma wallahi na tsane ta, kuma har yau raina bai huce da wadda ta ba mu ita ba.

Shekarar da fari ya ƙone gonakin Madarumfa, babanmu ya tsallaka Najeriya ci-rani. Uwarmu ta riga ta rasu, sai ya bar ni da ƙanena Habu a hannun Kaka Dije, cikin tarin jikokinta. Kunun dusa muke sha safe da yamma. Ga kuma damin geron iri rataye a ɗakin girki, saitin murhu, don hayaki ya kore masa ƙwari. A ƙarƙashinsa Kaka take tara mu bayan magariba. Kana jin tatsuniya, cikinka na kuka, abinci na lilo bisa kanka.

Wata rana ta kama Habu yana tsintar ƙwayoyin da suka zubo daga damin yana taunawa. Ba ta buge shi ba. Da ma bugun ta yi! Sai da muka zauna gaban wuta ta gyara murya.

Wai wasu marayu biyu ne a shekarar yunwa. Babban ya ɗaure cikinsa da igiya ya yi shiru. Ƙaramin, mai kwaɗayi, ya lallaɓa ya ci irin shuka, ya kora da ruwa. Ashe ban-ruwa ya yi masa. Gero ya tsiro a cikinsa, ganye ya fito ta hanci da kunne, zangarniya ta fasa baki, tsuntsaye suka sauko suka yi ta caccaka har suka gama da shi. Duk wannan idonta na kan Habu, yaron da a da take tsokana tana kiransa maigidanta.

Washegari Habu ya ture kunu. Ruwa ma sai an danne shi, ga zafin bazara. Da na matsa masa, ya raɗa mini cewa in ya sha, geron zai tsiro. Na rantse masa ƙarya ce, ya ce ai Kaka ba ta ƙarya.

Na same ta tana tankaɗe dusa, na durƙusa na roƙe ta ta gaya masa da bakinta. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yau in ce ƙarya ce, gobe dukanku ku hau damin? Damina ta zo mu shuka me, ke? Yunwa za ta sa shi sha."

Yunwa ba ta sa shi ba. Zazzaɓi ya same shi a bushe. Ranar da Kaka ta ga idonsa ya faɗa, ta ɗora kansa a cinya tana cewa maigida, wasa nake, sha. Lokacin ba ya gane muryar kowa. Kafin damina ta faɗi muka binne shi.

Ruwa ya sauka, aka shuka irin nan, ko zangarniya ɗaya ba ta ɓata ba. Gero ya yi kyau a shekarar, gidan duka ya ƙoshi, har da ni.

Na girma, na yi noma, na san wanda ya cinye iri ya cinye baɗi. Mutane suna cewa tsohuwar ta ceci gida, ban musa ba. Amma gaskiya ita ma tana da baki. Da ta zaunar da shi ta ce wannan tuwon baɗi ne, Habu yaro ne mai jin magana. Tsoro ya fi mata sauƙi, shi ke nan.

Damin irina a ɗakin girki yake rataye, kamar nata. Na sauko da zangarniya guda na murza wa 'yata a tafin hannu, na ce ta tauna. Sannan na miƙa mata kofin ruwa, na tsaya a kanta har ta shanye.