Mutumin Tungan Maje da Ya Zage Ni

Shekarar da na koma unguwar Orozo a Abuja da zama, na rubuta gajeren labari a kan maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai sayar da doya. Ina ƙaunarta, don haka na bar maganarta yadda take yin ta: "Mijina ta tafi gona, zauna in ba ka ruwa," ko da mace ce take yi wa magana. Na ɗora labarin a shafina na sada zumunta da safe, na hau motar haya zuwa ma'aikatarmu.

Muna cikin cunkoson Nyanya na duba waya. Ana ta yabo, sai ga saƙon wani mutum da ban sani ba: "Ke ba marubuciya ba ce, 'yar rainin wayo ce. Kun zo ƙasar mutane kun samu wuri, kuna yi mana dariya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kafin in isa ofis, masu karanta rubutuna sun yi masa ca. Wani ya ce hassada ce, wani ya zagi iyayensa. Abokiyar aikina ta ce in toshe shi in huta. Na so in yi hakan, amma zagin iyayen ya tsaya mini a rai, tun da da sunana ake yi. Na goge zage-zagen, na roƙi mutane su bari, sannan na tura masa saƙo shi kaɗai: "Malam, me ya ɓata maka rai?" Ya karanta, bai amsa ba.

Bayan damina, mun yi zaman marubuta a wani lambu a Garki. Da aka tashi, wani dattijo mai furfura ya matso ya yi sallama da Hausa tsantsa.

"Malama, ni ne na zage ki."

Sai na miƙa masa kujera. Ya ce shi malamin makaranta ne daga Tungan Maje, kuma Gbagyi ne. Da ya je karatu Kano yana saurayi, da ya buɗe baki sai ajin ya fashe da dariya saboda Hausarsa. Ya yi ta gyara harshensa har aka daina gane daga ina ya fito.

"Da na karanta labarinki, muryar mahaifiyata na ji, kuma na ga mutane suna tura alamar dariya a ƙasa."

"Baba, ban rubuta don a yi dariya ba."

"Na gane daga baya. Amma kin nuna Hausarta kawai. Matar nan tana da nata harshen, kuma a cikinsa ba ta kuskure."

Ban yarda da duk abin da ya faɗa ba, shi ma bai janye duka ba. Zagin kaɗai ya nemi gafara a kai. Muka rabu a kan zai koya mini gaisuwar Gbagyi.

Yanzu yana karanta duk abin da na ɗora, kuma bai cika yabo ba. A watan jiya ya turo mini labarinsa na farko, rabi da Hausa rabi da Gbagyi, ya ce kada in ji tausayinsa. Na yi masa gyara sosai. Ya kira ni yana dariya, ya ce matarsa tana gayyatarmu cin sakwara ranar Asabar, ni da maigidana.