Kawu Mai Gora da Ramin Gidan Haya

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shekara ashirin da bakwai yana duba ramin masai. Mai Gora ake ce masa, saboda doguwar gorar da yake saɓawa a kafaɗa. In an kira shi, sai ya ɗaga murfin siminti, ya ja baya har muguwar iskar ta fita, sannan ya zura gorar ƙasa. Inda baƙar laka ta tsaya a jikinta, shi ke gaya masa ko ramin zai ƙara shekara ko a kira motar zuƙa gobe. Daga nan ya ƙwanƙwasa murfin da guduma, ya kasa kunne.

Ba kowa ke ba shi hannu ba. Ruwan sha ma a tsohon gwangwani ake miƙo masa. "Ƙyale su, Yaya," yakan ce wa mahaifiyata, "duk mai ƙamshin turaren nan, na san abin da ya bari a baya."

Akwai wani gidan haya a ƙarshen layinmu, ɗaki goma sha ɗaya, rami ɗaya, murfinsa a tsakar gida ƙarƙashin igiyar shanya. Ranar da Kawu ya ƙwanƙwasa shi, sai ya ɓata rai.

"Maigida, rodin cikin murfin nan ya ruɓe. Kada ya ga damina a haka."

Mai gidan ko sauka daga babur bai yi ba. "Kai da aka kira ka duba ciki, ina ruwanka da sama?"

Kawu ya jera bulo huɗu ya kewaye wurin. Kafin sati an kwashe su an yi wurin zama.

Bayan wata biyu, da hantsi, ruwa ya ɗauke, wata mai ɗinki 'yar haya a gidan, da mijinta ya rasu, ta fito shanya kayan 'ya'yanta mata biyu. Murfin ya rufta da ita. A guje aka zo kiran Kawu. Shi ne kullum ke gargaɗin kada a kuskura a shiga rami nan take, amma ranar bai jira ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, maza uku suka riƙe, ya sauka. Tare aka jawo su. Ita ta riga ta cika, shi kuma ya kwana tara a asibiti.

Cikin kwana uku mai gidan ya zuba sabon murfi, ya baza cewa gudumar Kawu ce ta tsage tsohon. Kira ya ɗauke. Ko da an kira ɗin ma, huhunsa ya lalace, ba ya iya ɗaga bokiti sai ya zauna ya huta. Mahaifiyata ta share masa ƙaramin ɗakinmu na bakin ƙofa.

Sau ɗaya babbar 'yar marigayiyar ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Baba, da ka same ta, ta ce wani abu?"

"A'a, 'yata. Ba ta sha wahala ba."

Bayan ta tafi ina kwashe kwanonin abinci, ya kama tari har idanunsa suka kawo ruwa. Da ya lafa sai ya ce min, ba tare da ya dube ni ba: "Ta yi magana. Cewa ta yi a sauke mata tukunya, ta bar ta kan wuta."

Bai kai shekara ba bayan wannan. A ɗakin ya rasu, mahaifiyata na riƙe da kansa.