Muryar da Remei Ba Ta Ji Ba

Shekara ashirin da biyu teburina yana jingine da na Remei Vilaseca a bakin hanyar da ke shiga gidan sufaye na Montserrat. Ita tana sayar da ɗanyen cuku da zuma, ni kuma curin ɓaure. Duk mutanen Marganell ne mu, mota ɗaya ke hawo da mu dutsen da safe. Na ɗauka babu abin da ban sani ba game da ita.

Tana da shekara sha huɗu aka sa ta a wata masaƙa a bakin kogin Llobregat. Ƙarar injuna a wurin ta kai matan suka koyi hira da kallon leɓe, don ko ihu aka yi ba a ji. Shekara sha tara ta yi a ciki kafin a rufe masaƙar, ta dawo ta kama kiwon awaki tare da mijinta Eudald. Kowa ya san kunnenta da nauyi. In za ka yi mata magana sai ka fuskance ta, mu kuma mun saba.

Abin alfaharinta a duniya ɗanta ne, Fermí. Yana da shekara tara aka gwada muryarsa, aka ɗauke shi cikin yaran da ke waƙa a majami'ar dutsen. Can yake kwana, can yake karatu, har shekara huɗu. Kowace Lahadi Remei na kan benci na uku da shuɗiyar rigarta. Ko bayan yaron ya girma, muryar ta fashe, ya zama mai gyaran famfo a Manresa, ba ta daina ba mu labari ba. In ƙarfe ɗaya ta kusa, ita ke korar masu ciniki, ta ce su je su ji yaran tukuna, cuku ba gudu zai yi ba.

Tana da saba'in da ɗaya wata motar 'yan ziyara ta kusa take ta. Direban ya yi ta danna oda, ita kuwa ta juya baya tana jera kwalabe. Matar Fermí, Neus, ta ja ta zuwa wurin likita, aka saka mata na'urar ji a kunnuwa biyu. Makon farko mita kawai ta yi. Ƙarar firji na damunta, ƙarar takalminta na damunta. Ni ma ta dube ni ta ce, "Ashe Quima muryarki irin ta akuyar da aka raba da ɗanta ce? Shekara ashirin ina ganin ki da mutunci."

Wata Talata a watan Oktoba ta rufe teburinta da mayafi, ta ce in raka ta ciki. Muka samu wuri a tsakiya. Da aka fara kaɗa babban molon majami'ar mai bututu, ko gezau ba ta yi ba. Sai yaran suka fito a jere cikin fararen rigunansu, suka buɗe baki.

Remei ta damƙi hannuna har farcenta ya shiga fata. Ta ɗaga kai tana duba rufi, ta waiga baya, kamar mai neman inda abin yake fitowa. Da muryoyin suka rabu, wasu suka haura sama wasu suka tsaya a ƙasa, sai na ga fuskarta ta canza. Ta miƙe, ta ratsa mutane tana tuntuɓe da ƙafafunsu, ta fice.

A kan matakalar tsakar gida na same ta. Na zaci zuciyarta ce, har na fara neman wayata. Ta riƙe ni.

"Haka suke yi kullum?"

Na ce kullum mana, Yaya.

"Har lokacin Fermí?"

Na zauna kusa da ita. A zaune a wurin ta gaya mini cewa shekara huɗun nan ba ta taɓa jin yaran ba. Rugugin molon kawai ke isa gare ta, kamar babbar mota na wucewa a bayan katanga. Bakunan yara take kallo suna buɗewa suna rufewa. Fuskokin jama'a ne ke nuna mata inda aka kai: in matar kusa da ita ta fara hawaye, ita ma sai ta ciro hankici. Duk abin da ta riƙa ba mu labari, daga bakin wasu ta tsinto. Eudald ma ya mutu bai sani ba.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce da an tashi, Fermí kan rugo da gudu ya tambaye ta ko ta ji shi. Yaro ɗan shekara tara, yana kwana nesa da gida, me za ta ce masa? Daga nan kuma maganar ta yi nisa, ba ta san ta inda za ta warware ta ba.

Da yammar ranar ta kira Fermí ta faɗa masa. Neus ta ce mini ya daɗe riƙe da wayar bayan an kashe. Ran Lahadi ya zo Marganell da wani tsohon kaset na zamanin da yake cikin yaran, wanda a cikinsa akwai wurin da ya rera layi biyu shi kaɗai. Ni ma ina cikin ɗakin. Mutum mai shekara arba'in da shida, sigari ya dusashe masa murya, hannu duk kanta, ya danna rediyo ya koma gefe. Siririyar murya ta fito, tsaf, babu ko gargada. Remei ta sa aka maimaita sau uku. Sannan ta ce, ba da wata manufa ba, ita dai ba ta san wannan yaron ba.

Fermí ya fita wajen awaki. Mako uku bai zo ba. Neus ta ce ba fushi yake ba, in ya dawo daga aiki sai ya zauna cikin mota a ƙofar gida ya daɗe bai shigo ba.

Bara Remei ta bar wa 'yar ƙanwarta teburin, gwiwoyinta sun gaji. Amma duk Alhamis tana hawowa. A bencin ƙarshe take zama, dab da ƙofa, don har yau wani lokaci ba ta iya kai ƙarshen waƙar. Fermí ke kawo ta a motarsa ta aiki. Yakan rako ta har tsakar gida, ya tsaya a jikin ginshiƙi inda sautin ke fitowa kaɗan-kaɗan in an buɗe ƙofa. Ciki dai bai shiga ba tukuna.